Furen Koren Waken Baba

Sheshe, Birnin Kano.

Zuwa ga ƙanena Nazeer,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a can Indiya. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, amin. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Maryam kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto maka. Ka san tun da ciwon ido ya raba shi da ɗinkin riguna, ba abin da ke faranta masa rai kamar koren waken nan da ka aiko da irinsa. Ya shuka shi a gonarmu ta hanyar Madobi, ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Takin feshin nan na ciyawar teku da ka haɗo da shi kuwa, ɓoye shi ya yi a ɗaki yana tattali. Na san ka ce a fesa tun kafin fure, a sake idan shuka ta fara ɗaura 'ya'ya, amma ran nan waya tana ta yankewa, bai ji duka ba. Sai da fure ya buɗe ya ɗauko shi, da rana tsaka, bai kuma sirka shi da ruwa sosai ba, wai don ya fi ƙarfi. Ganyen ya ƙone, furen ya zube.

Da ya dawo gida, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Da na matsa, ya ce ba waken ne ya dame shi ba. Yaro ya aiko da abu daga uwa duniya, shi kuma ya ɓata da hannunsa. Ya ce kada ka ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya sa akwai kunyoyin da ya shuka daga baya, ba su yi fure ba tukuna. Kawu Ɗantani ya lallashe shi suka je da sanyin safiya, suka sirka yadda ya kamata suka fesa, suka sake fesawa da waken ya fara ɗaura 'ya'ya. Jiya ya shigo da kwanso biyu a aljihu, ya ɗora wa Inna a tafin hannu, ya ce a zubo masa abinci.

Roƙona, ka kira shi ranar Juma'a. Kada ka tayar da zancen na farko. Ka tambaye shi yadda ya yi, ka bar shi ya ba ka labari da bakinsa.

Inna, Kawu Ɗantani da Uwani suna gaishe ka. Ka gai da abokin zamanka Hashim.

Yayarka mai yi maka addu'a kullum,
Sa'adiyya