Farantin Lisbet

Talata, 4 ga Fabrairu

Iska tun asuba, teku sai ruri yake. Na gyara ƙofar ɗaki na shida cikin ɗakunan da muke ba masu hutu haya.

Matata Lisbet ta fara zuwa wani aji a garin Ringkøbing, duk Talata da rana. Ajin haɗa intanet. Wai baƙi sun gaji da tsayuwa a bakin ofishinmu cikin sanyi suna ɗaga waya sama, saboda waifai, intanet ɗin da waya ke kamawa ta iska, ba ya kaiwa ɗakunan kwana. Na ce wanda ya zo hutu bakin teku me zai yi da intanet? Ta ce, "Preben, bara rabin ɗakunan nan a kulle suka ƙare bazara. 'Yarka Signe kuma kullum maganarta mu sayar mu koma Aarhus kusa da ita." Ɗakunan nan da hannuna na kafa su, katako bayan katako. Ba mai sayar da su ina numfashi.

Ta je ta gani. Mako biyu na ba ta.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Yau ban ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Ta jera kofuna a tebur, ta ajiye butar kofi a tsakiya. Wai butar ita ce rauta, akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke ofis. Shi ne ƙofa tsakanin gidanmu da duniya, shi ke ba kowace waya da kowace kwamfuta adireshinta. "Kamar yadda kake ba baƙo lambar ɗaki," in ji ta. "In ba lamba, saƙo bai san inda zai sauka ba."

Na ce na sani. Ban sani ba.

Malamin sunansa Flemming. Flemming ya ce kaza, Flemming ya nuna mana kaza. Ya zama gishirin miyar gidan nan.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ta sayi sabon mayafin wuya, ja. Wai saboda sanyi. Shuɗin da na saya mata ya daina tare sanyi ke nan.

Talata, 11 ga Maris

Na ce zan kai ta ajin da mota, ina da sayayyar ƙusoshi a gari. Ƙusoshi na nan cike da gwangwani.

Na ga Flemming ɗin. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. Ya yi ritaya daga kamfanin tarho, matarsa ta rasu. Furfura a taje, riga a goge. Ya kama hannuna da hannu biyu: "Kai ne Preben! Matarka ta fi kowa a ajin nan, kanta kamar wuƙa." Tafin hannunsa laushi kamar burodin safe, da gani bai taɓa riƙe guduma ba. Ita kuwa sai murmushi take tana gyara mayafi.

Shekara talatin da wani abu ina tare da matar nan, sai yau wani zai ba ni labarin kanta.

Ko da yake ban tuna ranar da ni na faɗa mata ba.

Laraba, 19 ga Maris

Wata ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye daga Jamus ta kama ɗakunan gaba ɗaya na makon bikin Ista. Sharaɗinsu ɗaya, intanet a kowane ɗaki, don kullum sai sun tura hotuna da bayanai. In sun ji daɗi za su riƙa zuwa duk shekara. Lisbet ta amsa musu da e tun kafin ta tambaye ni.

Juma'a, 28 ga Maris

Kayan sun iso. Wani farin abu kamar farantin miya, da naɗin kebul mai nauyi. Ta ce farantin ba shi ke kawo intanet ba, watsawa kawai yake. Yana sha daga rauta ta kebul, ya fesa wa ɗakuna ta iska. Kebul ɗin nan guda shi ke kai masa wuta da saƙo duka, amma kada tsawonsa ya wuce mita ɗari.

Na ce a kafa shi a bangon ɗakin wanki, akwai rumfa, ruwa ba zai taɓa shi ba. Ta ce a'a, rufin ƙarfe ne, ƙarfe na tare sigina. Sai dai kan sandar tuta, tsakiyar fili, sama sosai.

Na ce, "Flemming ne ya ce?"

Ta ce, "Ni na ce."

Ban san dalili ba, wannan ta fi yi mini ciwo.

Asabar, 29 ga Maris

Na haƙa ramin kebul daga ofis zuwa sanda. Ta sa na ja na biyu zuwa ɗakin wanki, wai na gaba, ko za mu sa injin wanki mai karɓar kati. Ita da tef tana awo, ni da shebur. Wayyo bayana.

Aksel maƙwabcinmu ya bugo waya da yamma. Na ɗauka famfonsa ne ya sake tsiyaya, har na fara neman akwatin kayan aiki. Ya ce, "Ba kai nake nema ba, tsoho, ba ni injiniyar gidan. Waifai ɗinmu ke wasa da mu. An ce yanzu kai ke riƙe mata tocila, ko?" Ya yi ta dariya har da tari. Na miƙa mata. Ta daɗe tana masa bayani, ta juya mini baya, hannu ɗaya a ƙugu.

A duk tsawon gaɓar nan, in abu ya lalace Preben ake kira. Da can.

Asabar, 5 ga Afrilu

Faranti ya hau sanda. Ni na hau tsani cikin iskar nan, yatsuna sun ƙage, tana ƙasa tana cewa hagu kaɗan, ɗaga kaɗan. Ta zauna gaban kwamfuta ta raɗa wa waifai suna, ta sa kalmar sirri. Har gida biyu ta raba shi, na baƙi daban, na ofis daban, kada baƙo ya leƙa harkarmu. Muka bi ɗaki ɗaki da waya a hannu. Ko'ina ya kama, ban da ɗakin wanki.

A ɗakin ƙarshe ta yi tsalle kamar yarinya. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai na ga ta danna waya. "Flemming! Ya yi! Ya kama har ƙarshe!"

Ni da na kusa faɗowa daga tsani ina tsaye a gabanta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ta tafi Aarhus wajen Signe, sai yamma.

Na tono tsohon rautanmu a rumbun kaya, wanda aka canza shekarun baya. Na kai shi ɗakin wanki, na soka masa kebul ɗin nan na biyu a ramin da ya shiga, na ba shi wuta. Fitilu suka kama. Wayata ta nuna sigina cike. Ba aji, ba Flemming, ba jan mayafi. Na ɓoye shi bayan kwalayen sabulu. Ranar da Jamusawa suka zo wanki suka ga waifai, zan ce, a'a, wannan ɗan ƙaramin abu ne na yi da rana tsaka.

Na soya kifi da dankali na jira ta. Raina fes.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na'urar karɓar kati ta ofis ta ƙi aiki. Kwamfutar ofis ta daina ganin intanet, ta dawo, ta sake ɗaukewa. A ɗakuna wata waya ta kama, wata ta ƙi. Saura ƙasa da mako baƙi su iso.

Lisbet ta wuni a ofis, ta kashe ta kunna, ta cire ta mayar. Baƙin burodin da na yanka mata yana nan ya bushe. Na ji tana cewa ita kaɗai, "Me na taɓa? Ina na yi kuskure?" Da yamma na same ta ta kifa kai a tebur. Ta ce, "Wataƙila Signe ce da gaskiya. Na tsufa da wannan."

Ba lallai abin nan nawa ba ne. Yana can ɗakin wanki, ina ruwansa da ofis?

Ta kira Flemming, gobe zai zo. Zan iya zuwa in zare shi yanzu in gani. Amma bari mu ga gwanin tukuna. In ya isa ya gano.

Na rubuta wannan, na karanta, ban goge ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya zo da kek a kwali. Ya duba nan, ya duba can, ya cire tabarau ya mayar. Ƙarshe ya ce ga alama farantin ne ya zo da matsala daga kamfani, a sauke a mayar musu. Daɗi ya kama ni har wuya. Ga gwani ya kasa.

Sai Lisbet ta ce, "Tsaya." Tana duban na'urar kati. "Flemming, dubi adireshin da aka ba ta. Ba irin lambobin da rautanmu ke rabawa ba ne. Wani ne ya ba ta wannan. Akwai mai raba lambar ɗaki na biyu a gidan nan, yana tura baƙi inda ba ƙofa."

Ya leƙa, ya ce, "Kai! Haka ne fa."

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla. Ta bi kebul na biyu da ido, ta sa takalmi ta fita. Ta dawo da abin a hammata, garin sabulu a jikinsa. Tana zare shi komai ya dawo daidai. Ta ce wa Flemming, "Tsohon abu ne, mun manta da shi a jone." Wai "mun". Ya sha kofi, ya yaba ɗakunan, ya tambayi wanda ya yi aikin katakon, ya ce bai taɓa iya kafa ko kantar ajiye kaya ba. Ya tafi.

Motarsa na fita Lisbet ta ce, "Jiya ka sani?"

Na ce ban tabbatar ba.

"Ka gan ni ina kuka, Preben."

Na ce ai ga Flemming ɗinta nan, na ɗauka ba abin da ya fi ƙarfinsa. Na ce mayafi. Na ce waya a ɗakin ƙarshe. Duk na zazzage.

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Da kishina kake da Flemming, da har na ji daɗi, a shekarun nan namu. Ba kishi ba ne wannan. Ƙyashi ne. Ni kake ƙyashi. Tun da muka yi aure nake riƙe maka tsani, ina miƙo ƙusa, kowa na cewa Preben gwani, ina jin daɗi har raina. Sau ɗaya na iya wani abu, ka kasa haɗiyewa."

Na ɗauki kwalin kek na kai kicin.

Lahadi, 13 ga Afrilu

A ɗaki na uku ta kwana. Wai tana gwada ƙarfin sigina.

Litinin, 14 ga Afrilu

Haka ma jiya. Na share ɗakuna, na shimfiɗa zannuwa, na wanke tagogi, aikin da ita ke yi duk shekara. Ashe yawa gare shi. Na ajiye mata kofi a bakin ƙofa. Ta sha, ta bar kofin a wurin.

Talata, 15 ga Afrilu

Ba aji, hutun Ista. Da hantsi ta shigo ofis ta dire tsohon rautan a gabana. "Ɗauko tabarau."

Ta ce tunanin ba laifi, ɗakin wanki na bukatar waifai. Sai dai a hana shi rabon adireshi, ya bar wa babban, shi ya tsaya a watsawa kawai kamar faranti. Ta nuna mini inda ake kashe abin. Ta sa ni na danna da kaina. Yatsana ya danna ba daidai ba, ta ce koma baya, ba tsawa. Muka mayar da shi ɗakin wanki, a kan kantar ajiye kaya wannan karon, a fili. Ya yi aiki, ofis bai ko motsa ba.

Na ce, "Lisbet." Ta ce, "Na ji." Ban ma faɗa ba tukuna. Na dai ba ta haƙurin duk da haka.

Ta dawo ɗakinmu. Ƙafafunta sanyi ƙalau kamar kullum.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Jamusawan sun iso, da manyan kyamarori da takalman roba. Ba wanda ya tsaya a bakin ofis yana ɗaga waya.

Talata, 22 ga Afrilu

Sun tafi yau. Sun kama makon Ista na baɗi, da wani a kaka. Lisbet ta kira Signe, na ji tana cewa a bar maganar sayarwa.

Shugabansu, wani dogo mai gemu, ya same ni ina ɗaure shara. Ya ce sun zaga wurare da yawa, ba su taɓa samun intanet mai kyau haka a bakin teku ba, wane kamfani na ɗauka? Na ce ba kamfani. Ya ce, to kai ne? Sannu da aiki!

Ba kowa a wurin. Tana can ofis, ba za ta ji ba.

Na ce matata ce. Na nuna masa sandar, na gaya masa dalilin da ya sa ba a kafa a ƙarƙashin rufin ƙarfe ba, da yadda ta raba na baƙi da na ofis, da yadda ta kalli lamba ɗaya ta gano abin da malaminta ya kasa. Ban ce masa wa ya jawo matsalar ba. Ina cikin bayani direbansu ya yi ta danna hon. Mutumin yana ja da baya yana gyaɗa kai, ni ina bin sa har ƙofar mota.

Ban san me ya same ni ba. Iska ce wataƙila.

Aji na biyu zai fara wata mai zuwa. Ta ce akwai sauran kujera, ta faɗa tana wanke kofi, ba ta juyo ba. Ban ce zan je ba. Hanyar Ringkøbing dai akwai nisa ga mutum ɗaya, kuma wani ya kamata ya riƙe mata jaka.