Inuwar da Aka Riga Mu a Kariba

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Ranar Talata masu hutun da nake dafa wa abinci a jirgin ruwa suka so mu tsaya a inuwar wani dutse. Wani jirgin ya riga mu, a tafkin nan na Kariba kuwa wanda ya fara ɗaure igiya shi ke da wuri. Kukunsu, abokina Siamupa, ya ɗago mini ludayi yana dariya: "Je ka gasu a rana, rago!"

Ina cikin tuƙa tuwo dutsen ya rufto musu. Kowa ya tsira, ban da shi.

Ga busasshen kifi nan. Ki kai wa mahaifiyarsa rabi, duk wata yakan aika mata.

Ɗanki,
Nchimunya