Cokalin da na ba mahaifina

Zuwa ga Shugaban Asibitin Tsofaffin Sojoji na garinmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka fatan alheri, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban rubuta sunan asibitin ba, ban rubuta naka ba. Ka san kanka, kuma ba tozarci na fito yi ba.

"Ke da aka ce aikinki koya wa mutane magana ne, ina ruwanki da abin da mara lafiya zai ci?" Haka Metiron, shugabar nas-nas ta ɗakin maza, ta ce da ni shekaranjiya, ta wayar Goggo Asabe, kafin ta mayar mata da wayarta. Tambaya ce mai kyau. Na aika amsarta ofishinka sau biyu ba a tanka ba, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a.

Sunana Bilkisu, 'yar marigayi Sajan Ɗan'azumi, wanda ya rasu a wannan ɗakin na maza shekara shida da suka wuce. Yanzu ina Kuala Lumpur, ina ƙarin karatu, ina kuma aiki a wani asibiti da ake farfaɗo da tsofaffin sojojin ƙasar nan. Wanda ciwo ya ƙwace wa magana, mu ke taya shi nemo ta. Amma maƙogwaron da murya ke fitowa, shi abinci ke ratsawa, don haka haɗiya ma aikinmu ce. Goggo Asabe kuwa matar Baba Audu ce, aminin mahaifina tun suna kurata. Yau kwanansa biyar a asibitinka da shanyewar ɓarin jiki. Saboda shi nake wannan rubutun.

Na farko, abin da ya faru da mahaifina.

An kawo shi ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Lokacin na gama jami'a ina jiran bautar ƙasa, ni ce mara uzuri, ni na zauna jinya. Ka san tsarin ɗakin: likita ya duba, nas ta ba da magani, ciyarwa kuwa ta mai jinya ce. Da yamma 'yan dubiya su cika baranda, kowa da filas ɗinsa: kunun gyaɗa, shayi, romon farfesu, ruwan zamzam, rubutu. Duk wanda ya kawo yana so a ba mara lafiya ko cokali ɗaya a gabansa, kada ya ga an raina hidimarsa.

Baba ya riƙa datse haƙora yana juya kai bango. Ƙannensa suka ce taurin kan soja ne. Ni kuwa in na durƙusa na ce, "Baba, don ni," sai ya dube ni ya daɗe, sannan ya buɗe baki. Aka yi ta yabona: "Bilki kaɗai yake karɓa a hannunta." Wata nas mai kirki ta koya mini dabara, in ɗaga haɓarsa yana kwance, ruwan ya gangara da kansa. In ya yi tari, sai a ce alhamdu lillahi, ƙarfi yana dawowa. Bayan kowane cokali numfashinsa yakan fito da wani sauti, kamar mai kurkure maƙogwaro. A kwana na huɗu zazzaɓi ya rufe shi. A na tara aka ba mu gawa. Takardarku ta ce ciwon huhu. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai faɗi ta inda ciwon ya shiga ba.

Na biyu, inda na gano.

Ban daɗe da fara aiki a nan ba, matar da ke koya mini aikin ta kai ni gaban wani tsohon soja da muke kira Pakcik, yadda ake kiran dattijo a nan. Ta zaunar da shi sosai, ta ba shi ruwa cokali ɗaya, ta ɗora yatsu a maƙogwaronsa, ta ce ya ce "aa". Ya ce. Sautin nan ne, bai sauya ko kaɗan ba. Ta juyo ta yi mini bayani a natse: wannan muryar na nufin ruwan ya bi hanyar iska, kuma in aka ci gaba, huhu ne zai kamu. Ruwa tsinkakke shi ya fi haɗari. Kada kuma in taɓa ɗaga haɓar mara lafiya, don hanyar iskar nake buɗe wa ruwan. Na rubuta duka a littafina da kyakkyawan rubutu. Na gama yinina kamar kowa. Na hau jirgin ƙasa na LRT zuwa gida a Sri Petaling, sai da na wuce tashata da tasha uku na farga.

Ashe ba taurin kai ba ne. Baba ya san abin da cokalin ke yi masa, ba shi da bakin faɗa. Duk wanda ya zo da cokali, sai ya ƙi shi. Ni ce bai iya ƙi ba.

An sa wa Pakcik robar abinci ta hanci na ɗan lokaci, sannan muka fara da ruwa mai kauri, sannan abinci mai laushi. Yanzu matarsa takan yo masa tapau, wato ƙunshin dafaffiyar shinkafa, daga unguwar Kampung Baru, ya ci ya yi mita wai yaji ya yi kaɗan. Ya girmi mahaifina. Rannan ya ajiye kofi ya ce da ni, "Yarinya, ni nake sha, ke kike riƙe numfashi. Boleh, ai na iya." Na yi dariya, don ban san yadda zan faɗa masa ba. Har yau ina jin sautin a wuraren da bai kamata ba: a bututun wurin wanke-wanke in ruwa ya kusa tsiyayewa, a shagon mamak, masu shayin nan garin, in wani ya zuƙi ƙarshen shayinsa. Nakan ajiye abin da ke hannuna in jira ya wuce.

Na san za a ce kwanansa ne ya ƙare. Na yi imani da haka, kuma ban taɓa jayayya da Ubangijina ba. Amma imani da ƙaddara bai hana asibitinka auna hawan jini ba.

Na uku, Baba Audu.

Na kira in gaishe shi ta bidiyo. Goggo na ba shi kunu, yana kwance, haɓarsa a sama. Na ji sautin daga nan inda nake. Na ce ta dakata. Ta ce, "Bilki, mutumin da ya ciyar da ni shekara arba'in, in zauna ina kallon leɓensa na bushewa? Matar ƙaninsa ta taso tun daga ƙauye da kunu, in ce mata me?" Ba ni da abin da zan zarge ta da shi, na fi ta laifi. Na roƙi ta haɗa ni da Metiron, ka kuma ji amsar da na samu.

Ita ma Metiron ban ga laifinta ba. A asibitinka ido yana da sashe, haƙori yana da sashe, ƙafa tana da masu gashin ƙashi. Haɗiya ce kawai ba ta da mai ita, don haka aka bar wa wanda ya fi kowa son mara lafiyan, wanda kuma ya fi kowa rashin sanin abin da yake yi. Sojan da ya tsallake harsashi, a kawo shi wurinku ya nutse a kan gado, a hannun matarsa ko 'yarsa, ana sa musu albarka.

Jiya da la'asar ɗinku na shawo kan Goggo. Tunda ana yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, ta yarda ta tura filas ɗin ƙarƙashin gado na kwana ɗaya, ta riƙa jiƙa masa leɓe kawai. Ga yadda ta ce: "Zuwa la'asar ɗin gobe. In likita bai ce komai ba zan ba shi. Ke kina wata duniya, ni ke ganin idonsa." Na san Goggo, ba za ta ƙara minti ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙonka:

1. Yau, kafin la'asar, likita ya je kan Baba Audu. A zaunar da shi, a ba shi ruwa cokali ɗaya, a saurari muryarsa. In ya yi tari ko muryar ta jiƙe, a tsayar da ci da sha ta baki, a sa masa robar hanci. Likitan ya faɗa wa Goggo da bakinsa, a gaban dangi, don maganarsa ce za ta rufe mata bakin 'yan dubiya. Tawa ba ta isa ba.

2. Duk wanda aka kawo da shanyewar ɓarin jiki, a yi masa wannan gwajin kafin a sa masa komai a baki, ko da magani ne. Kayan aikin cokali ne da kofi. Na tabbata ba sai an jira kwamiti ba.

3. A hana dabarar ɗaga haɓa. Wadda ta koya mini ita da kyakkyawar niyya ta koya, wataƙila har yau tana koya wa wasu.

4. In kana so, zan koya wa nas-nas ɗinka ta waya, a duk lokacin da ya yi musu. Ba sai an kira ni da wani muƙami ba.

Ban nemi a binciki rasuwar mahaifina ba. Na san wadda za a samu a ƙarshen binciken: ni ce.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa in tsufa ya zo maka ka faɗa hannun wanda ya san abin da yake yi, ba wanda ke sonka kawai ba. Allah ya ba Baba Audu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mun riga ku da awa bakwai. Ƙarfe biyar na yamma ta yi a nan, goma na safe ke nan a wajenku, lokacin zagayen likitoci. Na san garinmu, wani zai tura maka wannan a waya kafin azahar. Mai shara na tsaye tana jira in fita, zan ja ƙofar ofis in tafi. Baba Audu na ɗakin maza, gado na biyu daga taga.

Wassalam,

Bilkisu Ɗan'azumi
Kuala Lumpur