Baƙon Kabarin Dogo

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara, ɗinki kuma yana tafiya. Ki yi haƙuri da na rubuto ban kira ba. Kin san kunnen Inna. A ƙwala mata kira daga bakin ƙofa ba ta ji, amma a yi raɗa a waya sai ta ce me aka ce.

Watannin baya masu aikin hanya sun tono ƙasusuwan sojoji a gindin wata gada da aka karya lokacin yaƙi. Ofishin da ke neman sojojin da suka ɓace ya yi ta kiran dangin duk wanda ya yi runduna ɗaya da Yaya Dogo. Na ce musu namu an kawo mana shi, an binne tun ina goye. Suka ce duk da haka in zo, don su cire mu daga cikin masu jira. Na fita daga kantin magani da tsakar rana na je. Wata jami'a ta goga mini auduga a cikin kumatu, ta ce da yawun za a gwada. Har na manta da zancen.

Jiya suka kira ni. Wai ɗaya daga cikin mutanen gadar, uwarmu ɗaya da shi. Na ce su sake gwadawa, suka ce sai da suka sake kafin su kira. Sun nuna mini hoton ƙashin hannunsa na hagu, da tsohuwar karaya da ta ɗore a karkace. Ni a hoton bango kawai na san shi. Ya taɓa karyewa?

Yaya, in wannan ne Dogo, wa Inna take kai wa ziyara a maƙabarta duk mako? Kaina ya kulle. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Gaisuwarka ta iso. Muna lafiya, ko in ce da muna lafiya kafin takardarka. Allura ce ka sa ta tono garma. Wa ya aike ka? Mutum yana zaman zamansa yana ƙirga ƙwayar magani, sai ya je ya buɗe wa baƙi baki.

Ya karye. Daga kan keke ya faɗo, ni ya goyo a baya, ya tare ƙasa da hannu don kada in bugu. Har ya tafi soja ba ya iya juya tafin nan sosai. Da na zo wurin a takardarka sai da na zauna a kan yadin mutane.

Kai ba ka san ranar ba. Mota ce ta zo da akwati an buga masa ƙusa, aka ce kada a buɗe. Na tambayi Gwaggo yaya aka yi Dogo ya shiga ɗan wannan akwatin, ta mintsine ni a cinya. Shekara arba'in ina ganin wauta ce ta yarinta.

Ka san yadda Inna take yi. Ta ɗauki 'yar kujerarta mai naɗewa da gorar ruwa, ta je maƙabartar sojoji, ta wanke dutsen da aka rubuta sunansa, ta zauna ta yi ta ba shi labari. Shi ya fara jin zancen aurena kafin Baba. Shi ya ji mutuwar auren. Faɗuwarka jarrabawa, ciwon Baba, rigimar da muka yi da maƙwabta a kan magudanar ruwa, duk an kai masa. Yanzu ka ce mini baƙo muke ta zazzage wa cikinmu?

Ni kaina ban san wa na yi wa kuka ba. Yau na ɗora wa wata mata hannun riga a juye, ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta.

Kada Inna ta ji. Kabarin nan shi ne ke fitar da ita daga ɗaki, in aka karɓe shi ban san me zai rage mata ba. Ka ce su binne na gadar a can, mu yi masa addu'a daga nan. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Allah ya shirye ka.
Yayarka


Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, na kuma karɓi faɗan. Na koma ofishin da niyyar in faɗa musu abin da kika ce. Ban iya ba.

Akwai wani dogon benci a ƙofar ɗakin gwajin. Wata tsohuwa ce a kai, da hoto a cikin leda. Mai gadi ya ce duk wata tana zuwa. Ta tambaye ni an ga namu, na ce an gani. Ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka, ta ce nata har yanzu shiru. Yaya, ina tsaye ina tunanin wataƙila nata ne a hannunmu.

Abin da suke roƙo ke nan, a buɗe kabarinmu a gwada wanda ke ciki. Sun ce a ƙarshen yaƙin an yi ta haɗa gawa da suna cikin gaggawa, ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Amma ba za su taɓa ƙasar ba sai da yardar Inna, ita da bakinta. Tawa da taki ba su isa ba.

Abokan aikina sun ji, sun zo suna yi mini ta'aziyya. Wani kuma ya ce barka. Na rasa wadda zan amsa. In ba za ki iya faɗa mata ba zan nemi hutu in zo, sai dai kin san ni, zan tsaya ina in-ina har ta zaci wani ne ya mutu yau.

Ki duba lamarin. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta


Auta,

Ina gaishe ka. Ka ajiye hutunka, na faɗa mata. Tsohuwarka ta benci ce ta hana ni sakat.

Tana bakin taga tana ware mini maɓallai. Na fara da keke, na bi ta gada, na dawo kan auduga, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Ta ce in daina kewaye-kewaye. Na faɗa mata a miƙe. Ta ci gaba da ware maɓallan, farare nan, baƙaƙe can, har na ɗauka ba ta ji ba. Can sai ta ce, “Ke nan Dogo bai san babansa ya rasu ba.”



Ranar zuwanta ta shirya, ta ɗauki kujera, ta kai bakin ƙofa ta dawo. Ta sake fita ta sake dawowa. Ta ce mini, “In na je in kira shi da wa?” Na ce ta bari sai wani makon. Ta harare ni ta ce bai taɓa jiranta bai gan ta ba.

Na bi ta. Ta daɗe a tsaye ba ta buɗe kujerar ba. Sai ta ce, “Bawan Allah, ashe kai ma haƙuri kake ta yi da ni. Ina ta kiran ka da sunan wani, ba ka da bakin cewa ba kai ba ne.” Ta wanke dutsen kamar kullum. A hanya ta tambaye ni ko addu'ar da ta yi ta yi wa Dogo ta je masa, ko an raba musu. Na ce wannan sai Allah.

Ta yarda a buɗe. Ta ce wata na can tana duban hanya, ita tana nan ta riƙe mata ɗa. Sharaɗinta ɗaya, in an gano uwarsa a haɗa su, tana so ta gaya mata bai taɓa zama shi kaɗai ba.

Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Ina tsoro, Auta. Ka sa su hanzarta.

Yayarka


Zuwa ga mahaifiyar marigayi,

Muna gaishe ki da girmamawa, muna kuma godiya da haɗin kan da kika ba mu.

Mun gwada wanda aka ciro daga kabarin da duk dangin da suka kawo kansu wurinmu. Muna baƙin cikin sanar da ke cewa bai dace da kowa ba. Mai yiwuwa danginsa ba su ji kiranmu ba, ko kuwa babu wanda ya rage. Mun adana sakamakon ko wani zai zo nan gaba.

Za a kawo miki ɗanki a sa shi a gurbinsa. Shi kuma ɗayan za a mai da shi sashen waɗanda ba a san sunansu ba, sai dai in wani ya nemi a bar masa shi.

Allah ya ƙara haƙuri.
Jami'ar gwaji


Auta,

Da fatan ka isa gida lafiya. Ka dai ga yadda ta tsaya wa jami'ar nan ranar binnewa, wai wanda ba a zo nema ba nata ne, sai da aka haƙa masa kusa da Dogo. Mai sassaƙa dutse ya zo yana tambayar me zai rubuta. Ta ce ya bar wurin sunan fili, ko uwarsa za ta zo.

Jiya muka koma. Ta kafa kujerarta a tsakaninsu. Ta fuskanci Dogo ta ce, “To, bari in ɗauko maka daga ranar da ka tafi.” Sai ta juya wajen ɗayan ta ce, “Kai na faɗa maka tun da zafinsa. In na tsallake wani abu ka tuna mini.”

Har muka taso ba ta wuce shekarar da ka fara tafiya ba. Da muka dawo ta ce in zuba mata abinci da yawa, akwai sauran labari.

Tana gaishe ka. Ni ma haka.
Yayarka