Katakan Akwatin Baba

Stag Cove, Newfoundland
Yuli, 1997

Ƙanwata Verna,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Cyril da yara. Yaya zafin Toronto, yaya kuma ƙafar nan taki mai kumburi? Mu nan hazo ne, yana nan inda kika bar shi.

Bayan haka, ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ina sanar da ke cewa butar shayin Mama, wadda murfinta ya ɓace tun kafin ki yi haƙori, ta zama Tarihi. An ba ta lamba, an ɗora ta a kan murhu, an kewaye ta da jar igiya. Duk wanda ya taɓa ta zai gamu da Doreen Tizzard, shugabar gidan tarihin garinmu, wadda kika sani tun tana tauna alli a aji biyu.

Tun da gwamnati ta hana kamun kifi, baƙi muke kamawa a gaɓar nan. Kowane gari ya share ɗaki, ya rataye tsohuwar raga, ya sa yarinya a ƙofa.

Abin da ya kai ni yawon ɗakunan nan kuwa, Baba ne. A waya na ce miki lafiyarsa ƙalau, don ya tsaya a kaina yana saurare. Gaskiyar ita ce tun sanyin da ya wuce ba ya cin abin kirki. Shayi, gutsuren burodi, sai kallon taga. Likita ta ce ba ta ga ciwo ba, a riƙa fita da shi. Ni kuma da littattafai suka riga suka lalata, na yanke cewa tarihi ne maganinsa, na sa shi a mota muka bi gaɓa.

A wani gari an rataye kifin roba a kan igiyar shanya. Baba ya latsa shi da yatsa ya ce, “Shi ma gwamnati ta ƙidaya shi cikin waɗanda suka rage?” A wani kuma akwai bango da sunayen waɗanda teku ta ci. Ya bi su da yatsa har ƙasa, ya ce rabinsu ba su iya ruwa ba, rabi sun iya, kuma duk a bango ɗaya suke. Na ce a raina magani ya fara aiki, tunda aƙalla yana magana.

Na bar gidanmu ya zama na ƙarshe. Tun da Mama ta rasu muka ba kwamitin gari shi, aka mai da shi gidan tarihi, Baba ya dawo wurina, bai sake taka ƙofar ba. Yanzu akwai allo a waje mai bayanin yadda aka ɗaura wa gidan gangunan mai, aka jawo shi a kan teku daga tsibirin Merrow shekarar da gwamnati ta kwashe mu, kina jaririya. A kicin sun tsayar da mutum-mutumi sanye da rigar aikin Mama. Ni na kasa dubansa. Baba ya wuce shi kamar ba ya nan, idonsa na sama, yana duban ƙarƙashin rufi.

A falo an ajiye sabon benci da baƙi ke zama su kalli fim ɗin tashinmu. Baba ya zauna, ya sa hannu ƙarƙashinsa yana shafawa, sai ya miƙe.

“Leander, katakaina ne.”

Ba lalle ki tuna ba. A Merrow babu itace ko ɗaya, kuma idan teku ta daskare ba jirgin da ke zuwa sai bazara. Saboda haka kowane namiji, da ya yi aure, sai ya sayo katakan akwatin gawarsa ya jera su a ƙarƙashin rufi, kada mutuwarsa ta sa maƙwabta ɓalle ƙofar ɗakin ajiya don su yi masa akwati. Na Baba suna sama aka jawo gidan. Na durƙusa na leƙa, sai ga alamar nan tasa, yanka uku da wuƙa, irin wadda yake yi wa duk kayan jirginsa.

Doreen ta ce, “Kawu Ambrose, ai mun ɗauka ragowar gini ne. Hedley kafinta ne ya gan su, ya ce asara ce a bar katako mai kyau haka.”

Baba ya juya ya fita. Sai da muka isa gida ya ce, “Tun ranar aurena nake kwana a ƙarƙashinsu, yanzu mutanen birni ke ɗora musu ɗuwawu.” Daga nan ya ce in soya kifi da dankali, ya cinye, ya nemi ƙari.

Ki gaida yara. Ki ɗaga ƙafar nan idan kin zauna.

Yayanki,
Leander


Stag Cove
Agusta, 1997

Ƙanwata Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, da safar da kika saƙa wa Baba. Ya ce in gaya miki ƙafa biyu gare shi kuma tsawonsu ɗaya. Ina fatan Cyril ya warke daga murar.

Kin tambaya me zai hana a saya masa akwati irin na Mama, mai hannayen azurfa. Na riga ki tambaya. Ya ce shi ba zai kwanta cikin abin da ya yi kama da akwatin talabijin ba, kuma na Mama ma don yana asibiti aka yi ba da shi ba.

Na je gaban kwamiti. Ki ga mutanen da na koyar da ’ya’yansu, sun jeru suna kirana Malam Cluett, suna gaya mini cewa bencin ya riga ya sami lamba, kuma abin da ya sami lamba ba ya fita. Doreen ta ce ita ma abin ya taɓa ta. Ta kawo shawarar a liƙa wa bencin ɗan allo mai bayanin al’adar, da sunan Baba a jiki, har ma da shekarar haihuwarsa. Na tambaye ta ko za a bar fili a gefe don ɗaya shekarar. Ta rubuta.

Hedley Snook, kafintan da ya yi aikin, ya same ni a waje yana murza hularsa. Ya ce, “Malam, ko sun bayar ma akwai matsala. Na rage musu tsawo. Tafin hannu guda, don su shiga tsakanin tagogi.” Kin san Baba dogo ne. Na rasa yadda zan gaya masa, na gaya masa yana cin abinci.

Washegari ya sa kwat ɗinsa na coci, ya ce in kai shi. Akwai baƙi mota guda, suna zaune a falo suna kallon fim. Ya ce wa wasu mata biyu su ɗan tashi. Ya cire takalmi, ya hau bencin, ya miƙe, ya naɗe hannuwa a ƙirji.

“Hedley, duba ƙafata. Ta wuce?”

Hedley ya duba ya ce ba ta wuce ba, har da saura kaɗan.

“To ka gani. Ni ma an rage mini.”

Baƙin suka tafa. Sun ɗauka yana cikin shirin. Wani mai gajeren wando ya tambaye ni ƙarfe nawa ake sake yi.

Tun daga ranar kullum sai ya je. Da an buɗe yake shiga, ya kwanta, ya rufe ido, baƙi su kalli fim a tsaye. Doreen ta roƙe shi, ta kawo masa kujera mai taushi, ta ce, “Kawu, don Allah, yara na tsorata.” Ya ce mata ba tare da ya buɗe ido ba, “’Yar Tizzard, kakanki a katakan aro aka binne shi, kuma na mahaifina ne. Ba mu taɓa tambaya ba.”

Verna, da za ki gan shi. Yana tashi kafin ni, yana aske gemu, yana cin ƙwai da burodi da maɗi, yana zagin kwamiti ɗaya bayan ɗaya har da iyayensu. Kumatunsa sun ciko. Likita ta auna shi ta tambaye ni me na ba shi. Na ce tarihi.

Saboda haka kada ki tayar da hankalinki ki baro aiki. Idan sa rai kawai ya yi masa haka, ki yi tunanin ranar da katakan za su dawo hannunsa, hankalinsa ya kwanta. Na rubuta wa jarida, na je gidan kowane ɗan kwamiti, kuma ba zan bar su su huta ba. Ki bari sai Kirsimeti ku zo gaba ɗaya, ki same shi yana faɗa da safarki.

Yayanki da ya zama lauya,
Leander


Stag Cove
Oktoba, 1997

Verna,

Ina gaishe ku duka, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yi.

Mun yi nasara. Da baƙi suka ɗauke, kwamiti ya zauna ya gano cewa lambar benci aka ba, ba katako ba. Doreen da kanta ta riƙe ƙofa muka fito da shi, tana kuka, ta ce in gaya wa Kawu ba da mugunta ba ne. Na san ba da muguntar ba ne.

A rumfar bayan gida aka yi aikin. Hedley na bugu, Baba na zaune a kan bokiti yana gyara masa. “Ba nan ba, makaho. Ka taɓa ganin an sa ƙusa a inda ruwa zai shiga?” Katakan ba su isa murfi ba, saboda abin da aka yanke, sai Baba ya sa aka ciro katakan tsohon kwale-kwalensa aka cike. Ya hana a shafa fenti. Da aka gama ya zagaya shi, ya jijjiga shi, ya sa hannu ciki ya shafa kusurwoyin. Ya ce wa Hedley, “Ba laifi.” Hedley ya ce tun da yake ba a taɓa yabonsa haka ba.

Na dafa naman gishiri da kabeji don murna. Ya zauna a tebur, ya dubi kwanon, ya ce yana da kyau, ya tura mini. Na ɗauka gajiya ce.

Bai sake sa kwat ɗin ba. Ba ya zagin kowa. Na gwada tsokanarsa, na ce kwamiti na neman a mayar da katakan, ya dube ni irin duban da yake mini ina yaro idan na yi ƙarya, ya ce, “Malamin makaranta, bar wahalar da kanka.” Likita ta zo har gida. Ta ce har yanzu ba ta ga ciwo ba, amma a kira na nesa. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma don kada in tsaya masa a kai da cokali. Fuskarsa a sake take, ban taɓa ganinta haka ba, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Jiya ya tambaye ni ko kin san inda za ki sauka daga jirgin ruwa. Na ce kin sani.

Na ce miki idan katakan suka dawo zai warke. Na yi kuskure, Verna. Kada ki jira Kirsimeti.

Yayanki,
Leander