Inda Hannunta Ya Tsaya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki?

Tun da aka cire min maman hagu aka gama ƙona wurin da na'ura, fatar ba ta koma daidai ba. Ta yi baƙi, tana tsagewa, ga ƙaiƙayi kamar an zuba min tururuwa a riga.

Likita ta tura ni sashen da ake jinya da ruwa. Ɗaki ne mai farin tayil, da kwamin ruwan ɗumi, da bututu mai fesa ruwa siriri a kan tabon. Ranar farko na daɗe riƙe da maɓallin rigata, don ko baban yara bai ga wurin ba. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce ita wanka kawai ta iya, ba ta iya gulma ba. Wallahi ruwan yana kwantar min da fatar, har na fara sa riga ba tare da cije leɓe ba.

Amma jiya, tana shafa min mai, hannunta ya tsaya a hammatata. Ta sake dannawa. Babu dariya wannan karon. Ta ce in ga likita kafin in ƙara shiga ruwa.

Yaya, na tsorata. Ni da na ɗauka na haye. Ki sa ni a addu'a, kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Barka da war haka. Ina gaida kowa da kowa.

An yi hoto, an ɗebi ɗan nama an gwada. Jiran nan ko loma ba ta wuce min. Da aka kira ni a waya, na garzaya asibiti jin sakamako. Ashe tabo ne ya taurare, ba ciwon ne ya dawo ba. Na zauna a bencin asibiti ina ta kuka har mai shara ta zo tana min jaje. Na koma wankana.

Sai dai murnar ba ta zauna ba. Babbar 'yarki ta kira ni. Ta ce kin daɗe kina jin ƙullutu a naki maman, kin hana ta faɗa.

Na san tsoron nan, na san yadda yake ɗaure harshe. Ba zan ce miki ba komai ba ne, don ban sani ba. Jibi ina tafe. Ki shirya, tare za mu shiga wurin likita, ni zan riƙe miki mayafi.

Ƙanwarki da ba ta da wata yayar,
Auta