Hancinki Bai Ƙone Ba, Altine

Zuwa ga Altine, badon bakin tafkina, sanyin asubahin damina, inuwar da na zauna ƙarƙashinta shekara arba'in da ɗaya ban taɓa leƙen wata ba. Ina gaishe ki da jiki, gaisuwar mutumin da kewa ta ci ƙarfinsa.

Saƙonki ya iso. Yayanki Ɗahiru ya taso tun daga Wara har Yelwa, ya tsaya ƙofar gidana, ko tabarma bai taka ba, wai kin ce in ba ki takardarki. Takardar saki, Altine? Ni? Ban yi boko ba, ajamin ma da ƙyar nike jan shi, ga ƙunar tafin hannuna ba ta gama rufewa ba. Amma tunda takarda kike so, ga ta, ki karanta ki ga ko ita ce.

Mi kika yi da za ki ɓuya ɗakin matar Ɗahiru wata biyar, fuska cikin mayafi? Ke kika jera jarkokin fetur kusa da janareta? Ke kika ɗaure ƙofar baya ta gidan rawan nan da sarƙa ran da ya kama da wuta? Soyayyen kifi kike saidawa a tsakar gidan, sana'arki ta halal. Rai goma sha tara gobarar nan ta ɗauka, ɗiyan mutane, Allah ya jiƙan su. Masu cewa horon Allah ne ga 'yan rawa na san su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗauko ko bokitin ruwa. Na bar ba su hannu a masallaci. Liman ya yi mani magana, na ce ya ƙyale ni tukuna.

Laifi ɗaya na sani, kuma nawa ne. Da na jawo ki waje, sai na shafe ki da ɗanyen ƙwai da baƙin mai, yadda muke yi in injin jirgin ruwa ya ƙone mutum, na aje ki gida kwana uku. Likita ya ce da a ranar na kai ki, da yatsun nan biyu ba su tafi ba. Kin san ni, ban iya ba da haƙuri ba, ban kuma iya yafewa ba. Waɗanda suka tashe mu daga gungunmu na tsakiyar kogi don su datse ruwa, ruwa ya cinye kushewar Inna, har gobe ina riƙe da su. Amma ga ni durƙushe gabanki, hasken idona. Ki yafe mani.

Wai fuskarki ta lalace! Wa ya gaya maki fuska na aura? Ran da na fara ganin ki, kina tsugunne gaban murhun banda na innarki, ido jawur don hayaƙi, goshi duk toka. Na kawo tarwaɗa ina taƙama, kika sunsuna sau ɗaya kika ce ta kwana, in kwashe abina. Ta kwana kuwa! Tun ranar na kamu, kamun da ko ƙugiya ba ta yi wa giwan ruwa irinsa ba. Wayyo Altine! Gidan nan ya koma tafkin da ya janye, sai taɓo da sawun balbela. In fatar da suka ɗebo daga cinyarki suka liƙa tana ƙaiƙayi, wa ke shafa maki man kaɗanya? Wa ke miƙe maki yatsu safe da yamma yadda likita ya ce, kina zagin shi yana ci gaba? Ɗahiru?

Na ji kin ce matar masunci da ba ta iya kusantar wuta ba ta da sauran amfani. To saurara. Ni na karɓi banda. Eh, ni, da furfurata, maza na wucewa suna kira na 'yar tsohuwa, su ta shafa. Sai dai kwando uku na ƙona, na huɗu ya yi tsutsa tun bai kai kasuwa ba. Ashe ba a ido aikin yake ba. Ke daga cikin ɗaki kike jin ƙamshi ki ce a juya, ki ce a rage itace, ki ce a sauke. Hancinki bai ƙone ba, tauraruwata! Na ɗauke murhun zuwa bayan gida, inda ko harshen wuta ba za ki hango ba, iska kawai za ta kawo maki labari. Ki zauna ƙarƙashin mangwaro ki riƙa ba da umarni, ni ne hannunki.

Ran kasuwar Wara ina tafe da jirgi, na sa a yi masa rumfa don rana kada ta taɓa sabuwar fata. In kin fito, mu dawo. In kin ƙi, wallahi ƙofar gidan Ɗahiru zan gina murhu, in yi ta ƙona kifi kullum, har ƙauri ya ishe ki ki fito ki gyara mani da kanki. Saki kam, sai dai ki jira wani Haliru, wanga bai iya rubuta shi ba.

Naki jiya, naki yau, naki har ran da za a naɗe ni,
Haliru